Tambayoyi da Amsoshi Kan Yadda Majalisa Ke Taƙaita Lokacin Muhawara a Kan Dokar Ba da Rance ga Jama'a

Duk lokacin da aka ji cewa gwamnati ta nemi majalisa ta ƙayyade lokacin muhawara a kan ƙudirin da ya shafi ba da rance, tambayoyi kusan iri ɗaya ne suke tasowa daga masu cin bashi, da ƙungiyoyin da ke ba su shawara, da ma'aikatan kamfanonin rance, da 'yan jaridar da ke bin zaman majalisa. An tattara waɗannan tambayoyi a nan, daga masu sauƙi zuwa masu zurfi. Mafi yawan misalan sun fito ne daga majalisun Birtaniya, Kanada, Amurka da Faransa, domin a can ne aka fi rubuta waɗannan ƙa'idoji dalla-dalla.

Me ake nufi da taƙaita lokacin muhawara?

Shi ne majalisa ta yanke wa kanta wa'adin da za a daina magana a kan wani ƙudiri, ko a kan wani mataki na ƙudirin, a jefa ƙuri'a ko da kuwa akwai sauran 'yan majalisa da ba su tofa albarkacin bakinsu ba. Ƙudiri yana bin matakai kafin ya zama doka: karatu na farko da ake gabatar da shi, karatu na biyu da ake muhawara a kan manufarsa, zaman kwamiti da ake bin sa sashe bayan sashe, matakin rahoto da kwamiti ke mayar da shi zauren majalisa, sannan karatu na uku. Ana iya ɗora wa'adi a kan mataki ɗaya, ana kuma iya ɗora shi a kan dukkansu a lokaci guda.

Wannan ya bambanta da iyakance tsawon jawabin kowane ɗan majalisa. Idan kakaki ya ce kowa ya yi magana na minti 5, ya rage wa kowa rabonsa ne domin mutane da yawa su samu. Idan kuwa majalisa ta ce muhawara za ta ƙare da ƙarfe 7 na yamma, to abin da ba a kai gare shi ba kafin lokacin ya tafi ba tare da an tattauna shi ba.

Wane irin bashi ne irin wannan doka ta shafa?

Bashin da mutum yake ci don buƙatun kansa da na iyalinsa, wanda ba na kasuwanci ba: katin bashi, rancen banki na ɗaiɗaikun mutane, sayen mota ko kayan gida a biya kaɗan-kaɗan, ɗan gajeren rancen da ake ci kafin albashi ya shigo, da tsarin ɗauki kaya yanzu ka biya daga baya da ya yaɗu ta intanet. Dokokin da ke tsara wannan fage sukan tilasta wa mai ba da rance ya bayyana ainihin kuɗin ruwa a shekara, ya binciki ko mai neman bashi zai iya biya, ya ba shi damar janyewa cikin 'yan kwanaki, ya kuma bi hanyar da doka ta yarda da ita wajen karɓar bashinsa. Daga cikin sanannun dokokin akwai ta Amurka ta 1968 da ta wajabta faɗin gaskiyar kuɗin rance, da dokar bashin masu saye ta Birtaniya ta 1974 wadda ta biyo bayan rahoton kwamitin Crowther na 1971, da ta Ostireliya ta 2009, da ta Faransa ta 2010 da ake kira da sunan ministar kuɗi ta lokacin, Christine Lagarde.

Waɗanne hanyoyi majalisa take bi wajen yanke muhawara?

Hanya mafi tsufa ita ce rufe muhawara. Ana cikin magana sai wani ɗan majalisa ya miƙe ya nemi a jefa ƙuri'a yanzu a kan batun da ke gaban majalisa. A Majalisar Wakilan Birtaniya kakaki yana da ikon ƙin amsa wannan buƙata idan ya ga za a tauye haƙƙin marasa rinjaye, kuma ko ya amsa, ba za ta yi aiki ba sai aƙalla mutum 100 sun goyi bayanta. Wannan hanya batu ɗaya kawai take rufewa, saboda haka ba ta wadatar da gwamnatin da ke fuskantar ɗaruruwan gyare-gyare.

Ta biyu ita ce wadda ake wa laƙabi da gilotin, sunan na'urar fille kai da aka sani a tarihin Faransa. Gwamnati tana kawo ta ne idan ta ga ƙudiri ya cije a kwamiti, sai ta nemi majalisa ta raba sauran lokaci, ta ce sashe kaza zuwa kaza za su ƙare a rana kaza. Ta uku ita ce jadawalin da ake tsarawa tun daga farko. Birtaniya ta fara gwada shi bayan zaɓen 1997, ta mayar da shi ƙa'ida ta dindindin a 2004, kuma a yau kusan kowane ƙudirin gwamnati yana samun jadawalinsa nan take bayan karatu na biyu, galibi ba tare da an yi muhawara a kan jadawalin ba. Faransa ma ta shigo da irin nata a 2009, inda ake ba kowane rukunin jam'iyya adadin awowi ya kashe su yadda ya ga dama.

Akwai kuma hanyar da ba a cika lura da ita ba, wato ikon da kakaki ko shugaban kwamiti yake da shi na zaɓar gyare-gyaren da za a tattauna da haɗa masu kama da juna wuri ɗaya. Gyaran da ba a zaɓa ba ya mutu tun kafin a fara ƙirga lokaci. A Majalisar Wakilan Amurka, kwamitin ƙa'idoji ne ke yin wannan aiki: shi ke faɗin awa nawa za a yi, da ko an yarda a kawo gyara daga zauren majalisa ko an hana baki ɗaya.

Daga ina wannan al'ada ta samo asali?

Daga rikicin Ayaland a majalisar Birtaniya. 'Yan majalisar Ayaland da ke bin jagoransu Charles Stewart Parnell sun gano cewa ƙa'idojin wancan zamani ba su hana mutum ya yi ta magana ba, sai suka riƙa jan zama don hana dokokin da suka ɗauka na zaluntar ƙasarsu ne. A farkon Fabrairun 1881 wani zama ya kai fiye da awa 41, har Kakaki Henry Brand ya katse shi da ikon kansa. A 1882 aka shigar da rufe muhawara cikin ƙa'idojin majalisar, a 1887 kuma aka fara amfani da gilotin a kan wani ƙudirin hukunta laifuffuka a Ayaland. Kanada ta ɗauki rufe muhawara a 1913 lokacin taƙaddamar ƙudirin tallafa wa rundunar ruwa, ta ƙara da raba lokaci a 1969. Majalisar Dattawan Amurka kuwa sai a 1917 ta samu hanyar rufe muhawara.

Abin lura shi ne an ƙirƙiro waɗannan hanyoyi ne a matsayin maganin gaggawa ga cikas na gangan, daga baya suka zama abin yau da kullum da ake ɗora wa ƙudirin da babu wanda ya yi niyyar tare masa hanya.

Wa yake da ikon neman a taƙaita lokaci?

A ƙa'ida majalisa ce take yanke hukunci da ƙuri'a, amma a aikace ministan da ke jagorantar harkokin gwamnati a majalisa ne ke kawo buƙatar, kuma tun da gwamnati ce ke da rinjaye, da wuya a ga ta faɗi. Kafin a zo zaure, masu tsawatarwa na jam'iyyu sukan zauna a bayan fage su yi ciniki a kan kwana nawa za a bayar. Ƙa'ida ta 78 ta Majalisar Wakilan Kanada ta fito da matakan wannan ciniki ƙarara: akwai yanayin da dukkan jam'iyyu suka amince, da wanda mafi yawansu suka amince, da wanda aka kasa cimma matsaya. A yanayi na uku minista yana iya gabatar da buƙatarsa shi kaɗai bayan ya ba da sanarwa, a yi masa tambayoyi na minti 30, sannan a jefa ƙuri'a.

A Faransa ikon gwamnati ya fi haka ƙarfi, domin kundin tsarin mulki ne ya ba ta shi. Sashe na 44 ya ba ta damar neman ƙuri'a ɗaya tak a kan ƙudiri tare da gyare-gyaren da ta amince da su kawai. Sashe na 49 sakin layi na 3 kuma ya ba ta damar zartar da ƙudiri ba tare da ƙuri'a ba muddin ba a kayar da ita da ƙuri'ar rashin amincewa ba, ko da yake tun gyaran 2008 an iyakance wannan ga ƙudirorin kasafi da na kuɗin jin daɗin jama'a, da ƙarin ƙudiri ɗaya a kowane zangon zama.

Me ke faruwa a zauren majalisa idan wa'adi ya cika?

Wanda ya taɓa kallon irin wannan zama zai gane shi. Ɗan majalisa yana tsaye da takarda a hannu, yana bayanin gyaran da ya kawo a kan tarar jinkirin biya, sai agogo ya kai lokacin da aka ɗiba. Mai jagorantar zama zai miƙe ya katse shi, ko da a tsakiyar jimla ne, shi kuma dole ya zauna. Daga nan babu sauran jawabi. Za a jefa ƙuri'a a kan gyaran da ake cikin tattaunawa, sannan a kan 'yan gyare-gyaren da kakaki ya ware don a yi musu ƙuri'a ta daban, sannan a tattara dukkan gyare-gyaren gwamnati a zartar da su, wani lokaci gomomi a ƙuri'a ɗaya.

Sauran gyare-gyaren 'yan adawa da na 'yan majalisar da ba su riƙe da muƙami, waɗanda ba a kai gare su ba, sun faɗi ke nan. Ba a ƙi su da hujja ba, ba a kuma sa minista ya tashi ya faɗi dalilin ƙin su ba. Wannan bambanci tsakanin makomar gyaran gwamnati da na sauran mutane shi ne zuciyar ƙorafin da ake yi, kuma amsar da ke biye ta nuna inda ya fi cizo.

Me ya sa ake cewa taƙaita lokaci ya fi yi wa dokar bashi illa fiye da wasu dokoki?

Saboda ƙarfin dokar bashi ba a manufarta yake ba, yana cikin ƙananan kalmominta ne. A karatu na biyu kowa yana goyon bayan a kare masu cin bashi, har da waɗanda suka fi kusa da bankuna. Saɓanin yana fitowa ne idan aka zo tambayoyi irin waɗannan: shin kuɗin buɗe fayil da na inshorar da aka liƙa wa rance suna cikin lissafin kuɗin ruwa ko ba sa ciki? Shin kamfanin da ke cewa shi dillali ne kawai, bankin wani wuri ne ke ba da kuɗin, doka ta hau kansa? Rancen da bai kai wani adadi ba, ko wanda za a biya cikin 'yan watanni ba tare da ruwa ba, an keɓe shi? Sau nawa aka yarda a sabunta ɗan gajeren rance? Irin waɗannan abubuwa sukan zauna ne a sashen ma'anar kalmomi, da sashen keɓance-keɓance, da rataye-ratayen da ke ƙarshen ƙudiri, kuma ƙarshen ƙudiri shi ne wurin da almakashi ke fara ci.

A ɗauki misali na ƙiyasi. Ƙudiri yana da sassa 90, an ba shi yini biyu a matakin rahoto. Yinin farko ya tafi a kan wace hukuma ce za ta sa ido, domin nan ne 'yan siyasa suka fi son a ji muryarsu. Yini na biyu aka shiga batun iyakar kuɗin ruwa, aka yi ta kai ruwa rana. Sashe na 84, wanda ya ce iyakar ba ta shafi kuɗaɗen da aka kira ladan hidima ba, ya wuce cikin ƙuri'ar dunƙule ba wanda ya buɗe baki a kansa. Washegari jaridu za su ce an sa wa kuɗin ruwa iyaka, kamfanonin rance kuma za su sauya wa rabin ruwan suna su mayar da shi ladan hidima. Wannan dabara ta sauya suna sananniya ce a harkar rance, shi ya sa Birtaniya, da ta zo sa wa rancen kafin albashi iyaka daga 2 ga Janairun 2015, ta haɗa ruwa da kuɗaɗen hidima wuri ɗaya: kada su wuce kashi 0.8 cikin 100 a kowace rana, tarar gaza biya kada ta wuce fam 15, kuma duk abin da za a ɗora kada ya wuce uwar kuɗin. Wanda ya ci fam 100 na kwana 30 ba zai biya ƙarin da ya wuce fam 24 ba idan ya biya a kan kari, kuma duk yadda ya makara ba za a karɓi fiye da fam 200 a hannunsa ba. Da an bar kalma ɗaya a buɗe a cikin wannan tsari, da lissafin ya zama daban.

Akwai dalili na biyu. Bankuna da kamfanonin rance suna da lauyoyi da ke bin ƙudiri tun yana hannun ma'aikatar da ke tsara shi, kafin ya shiga majalisa. Mutumin da bashi ya yi wa katutu ba shi da wannan, muryarsa takan iso ne a makare, ta bakin ɗan majalisar mazaɓarsa ko ƙungiyar ba da shawara kan bashi, a matsayin gyaran da aka kawo a zaure. Idan aka datse lokacin zaure, ba a datse wa ɓangarorin biyu daidai ba.

To, ashe dai hanya ce ta toshe bakin 'yan adawa?

Wani lokaci haka ne, amma ba adalci ba ne a ce kullum. Gwamnatin da jama'a suka zaɓa tana da haƙƙin a yi wa ƙudirinta ƙuri'a, kuma kwanakin zaman majalisa a shekara ƙidayayyu ne. Jinkiri ma yana da masu cin moriyarsa: duk watan da ƙudirin da zai rage kuɗin ruwa ya ƙara yana kwance, tsohon ruwan ne ake ci gaba da karɓa. A ƙasashe da dama ƙudirin da bai kammala ba kafin a rufe zangon zama ko a rushe majalisa yakan faɗi, sai an sake daga farko, saboda haka mai son kashe dokar kare masu bashi ba ya buƙatar rinjaye, ya isa ya samu hanyar cinye lokaci.

Ra'ayin wannan shafi shi ne wa'adi a kan kansa ba laifi ba ne. Laifin yana cikin wa'adin da aka sa kafin a san yawan gyare-gyaren da za su zo, da wanda bai ware wa kowane ɓangare na ƙudiri rabonsa ba, da wanda gwamnati ta sa sannan ita kanta ta zubo sababbin sassa masu yawa a kwanakin ƙarshe. An yi bayanin yadda ake bambance waɗannan a amsa ta ƙarshe.

Me ya sa ake yawan jin maganar ƙuri'a 60 a Amurka?

Domin a Majalisar Dattawan Amurka al'amarin a juye yake. Asali muhawara ba ta da iyaka, kuma tun 1975 ana buƙatar kashi uku cikin biyar na sanatoci, wato 60 daga cikin 100, kafin a rufe ta a kan ƙudiri na yau da kullum. Bayan an rufe ma akwai sauran awa 30 da aka yarda a ci gaba. Dokar Dodd-Frank ta 2010, wadda ta kafa hukumar kare masu hulɗa da cibiyoyin kuɗi bayan rikicin kuɗi na 2008, ta bi ta wannan ƙofa da ƙyar. Yunƙurin rufe muhawara a ranar 19 ga Mayu ya gaza, washegari aka samu 60 cif, kuma Shugaba Barack Obama ya sa mata hannu a ranar 21 ga Yuli. A nan masu son a kare masu bashi su ne suke roƙon a taƙaita muhawara, kuma kowace ƙuri'a da suka nema daga masu ɗari-ɗari ta ba mai ita damar neman a sassauta wani abu.

Ana iya amfani da taƙaita lokaci wajen rushe kariyar da ke akwai?

Ana iyawa, kuma an yi. Amurka tana da dokar 1996 da ta ba majalisa damar soke sabuwar ƙa'idar da wata hukuma ta fitar, kuma a ƙarƙashinta muhawarar dattawa ba ta wuce awa 10, ba a kuma buƙatar ƙuri'a 60 da aka ambata a sama. A Oktoban 2017 an yi amfani da ita aka soke ƙa'idar da ta hana bankuna da kamfanonin katin bashi amfani da sharaɗin da ke tilasta a warware saɓani ta hanyar sulhu a wajen kotu domin hana abokan hulɗarsu haɗuwa su kai ƙara tare. Ƙuri'a ta tsaya 50 da 50, Mataimakin Shugaban Ƙasa Mike Pence ya raba gardama. A 2021 kuma da wannan doka aka soke wata ƙa'ida da masu kare haƙƙin masu bashi suka ce tana ba kamfanonin rance mai tsada damar fakewa da sunan banki don kauce wa iyakar ruwa ta jihohi. Makami ɗaya ne, ya yi aiki ta fuska biyu cikin shekara huɗu.

Yaya batun yake idan an cusa dokar bashi cikin babban ƙudirin kasafi?

Wannan taƙaitawa ce ta wata siga, ko da ba a kira ta da sunan ba. Idan gyaran dokar rance ya zama shafi biyu cikin ƙudiri mai ɗaruruwan shafuka da ya ƙunshi haraji da fansho da sufuri, rabonsa na muhawara ba zai wuce 'yan mintoci ba, kuma ɗan majalisa ba zai iya ƙin sa ba sai ya ƙi kasafin baki ɗaya. Kanada ta rage iyakar ruwan da doka ta ɗauka laifi ne a wuce, daga kashi 60 a tsohon lissafi zuwa kashi 35 a shekara, ta cikin dokar aiwatar da kasafin 2023, kuma sabuwar iyakar ta fara aiki a ranar 1 ga Janairun 2025. Masu bashi sun amfana, amma muhimmiyar tambayar waɗanne irin rance ne za a keɓe daga iyakar an bar ta ga ƙa'idojin da gwamnati ta fitar daga baya, batun da za a dawo kansa a tambayar da ke ƙasa kan barin cikakken bayani ga hukuma.

Majalisa ta biyu tana iya gyara abin da ta farko ta tsallake?

Sau da yawa nan ne ake gyarawa. Majalisar Dattawan Birtaniya, wadda ake kira ta Lodawa, ba ta da gilotin kuma ba ta da jadawali irin na wakilai, duk gyaran da aka gabatar ana iya tattauna shi. Tarihin iyakar rancen kafin albashi ya nuna amfanin haka. A can ne aka matsa wa gwamnati a ƙarshen 2012 har ta yarda a ba sabuwar hukumar kula da harkokin kuɗi ikon sa iyaka, a can ne kuma aka shigar da gyaran da ya mayar da ikon ya zama wajibi a cikin dokar gyaran bankuna ta 2013. Sai dai idan gyare-gyaren suka koma majalisar wakilai, su ma akan yanka musu ɗan lokaci, wani sa'in awa ɗaya. Ƙasashen da ke da majalisa ɗaya tak ba su da wannan dama ta biyu, saboda haka nauyin yana kan kwamiti kacokan.

Idan an bar cikakken bayani ga hukuma ta tsara, matsalar ba ta warware ba?

Ta ragu ta wani gefe, ta ƙaru ta wani. Hukumar da ke da ƙwararru tana iya ɗaukar watanni tana tattara bayanai da jin ra'ayin jama'a, abin da zauren majalisa ba zai iya ba, kuma alƙaluman Birtaniya da aka kawo a sama hukuma ce ta fitar da su bayan ta karɓi kula da bashin masu saye a Afrilun 2014. Amma ƙa'idojin da minista ko hukuma ke fitarwa sukan samu kulawar majalisa mafi ƙaranci. A Birtaniya mafi yawansu ba a muhawara a kansu ko kaɗan, waɗanda ake yi wa kuma galibi ba sa wuce minti 90, sannan ba a iya yi musu gyara, sai dai a karɓa ko a ƙi. Saboda haka sashen da ya ce minista na iya keɓe wasu nau'o'in rance ta hanyar ƙa'ida ya cancanci a tsaya a kansa sosai, kuma shi ma yawanci a ƙarshen ƙudiri yake.

Kotu tana iya soke doka saboda ba a ba ta isasshen lokaci ba?

Ya danganta da tsarin ƙasa. A Birtaniya kotu ba ta leƙa yadda majalisa ta gudanar da zamanta, bisa sashe na 9 na dokar haƙƙoƙi ta 1689. Inda kundin tsarin mulki ke sama da majalisa akwai ɗan sarari: a Yulin 2023 kotun tsarin mulkin Jamus ta dakatar da ƙuri'ar ƙarshe a kan wani ƙudirin ɗumama gidaje bayan wani ɗan majalisa ya yi ƙarar cewa ba a ba su lokacin nazari ba. Irin wannan hukunci ba kasafai ake samunsa ba, kuma mai bashi ba zai iya ƙin biyan bashinsa da hujjar cewa an zartar da dokar cikin gaggawa ba.

Ta yaya mai bibiya zai gane ko jadawalin da aka sa na adalci ne, kuma me zai iya yi?

Adadin awowi kaɗai ba ya nuna komai. Abin dubawa na farko shi ne ko jadawalin yana da wa'adi na ciki, wato ko an ce sassan kuɗin ruwa su ƙare a lokaci kaza, na karɓar bashi a lokaci kaza, na keɓance-keɓance a lokaci kaza, domin hakan ne ke hana ɓangaren farko cinye rabon na ƙarshe. Sai a duba ko kwamiti ya saurari shaidu kafin ya fara bin sassa, da ko cikin shaidun akwai masu ba da shawara kan bashi ko kuwa wakilan masu ba da rance ne kawai. Bayan an gama kuma, rubutaccen rahoton zaman majalisa yana nuna inda aka tsaya da magana, kuma idan aka gwada shi da takardar jerin gyare-gyare ta ranar za a ga rukuni nawa ne ba a kai gare su ba, da gyaran gwamnati nawa ne suka shiga ba tare da bayani ba.

Wanda yake da abin faɗa ya faɗe shi da wuri. Takardar shaida da ta isa kwamiti kafin ya fara zama tana da tasirin da wasiƙar da ta isa ana gobe karatu na uku ba ta da shi. Ya fi amfani a ambaci lambar sashe da kalmar da ake so a sauya, a kuma haɗa da lissafi na gaske daga takardar yarjejeniyar rance bayan an goge suna da lambar asusu: nawa aka karɓa, nawa aka cire tun kafin kuɗin ya shigo hannu, nawa aka biya a ƙarshe. Ɗan majalisar da aka ba minti 4 zai iya karanta waɗannan alƙaluma uku cikin rabin minti. Idan kuma gyaran ya faɗi saboda cikar wa'adi, ana iya miƙa shi ga wani ɗan majalisa ta biyu ya sake gabatar da shi, ko a ajiye shi don lokacin da hukuma za ta buɗe jin ra'ayin jama'a a kan ƙa'idojinta, kamar yadda aka yi bayani a amsoshi biyu da suka gabata kan majalisa ta biyu da kan aikin hukuma.